Dajin Banco: yadda mutane ke shaƙuwa da wurin da ba a binne cibiyarsu ba

Duk wanda ya taɓa hawa gbaka daga Adjamé zuwa Yopougon ta babbar hanyar Arewa ya ga dajin Banco, ko da bai san sunansa ba. Da zarar mota ta bar hayaniyar tasha da kasuwa, sai dogayen itatuwa su bayyana a gefen hanya, kore shar, ko ina a rufe. Dubban Hausawa mazauna Adjamé da Treichville da Abobo suna wucewa ta nan kullum, amma ba kowa ne ya taɓa taka ƙafa ciki ba. A wajen mutane da yawa kurmi ne kawai, irin wanda ake hange ta tagar mota.

A lokaci guda kuma akwai waɗanda wannan daji ya shiga ransu: masu zuwa gudu da asuba, 'yan makaranta, masu wanki a bakin rafi, da kuma 'yan asalin ƙasar da kakanninsu suka raɗa masa suna. Me ke sa wuri guda ya zama abin ƙauna ga wani, ya zama abin tsoro ga wani, wani kuma ko a jikinsa? Masana sun daɗe suna nazarin wannan tambaya, kuma amsarta ta shafi makomar dajin da ruwan da muke sha a Abijan.

Wane irin wuri ne Banco?

Banco gandun daji ne na ƙasa mai faɗin sama da hekta 3,400, a tsakiyar birni. Ƙananan hukumomi huɗu ne suka kewaye shi: Adjamé, Attécoubé, Yopougon da Abobo. Turawan mulkin mallaka na Faransa suka fara keɓe shi a 1926, sannan aka ɗaga darajarsa zuwa gandun daji na ƙasa a ranar 31 ga Oktoban 1953, wanda shi ne na farko a ƙasar Kodebuwa. A cikinsa aka buɗe makarantar koyon aikin gandun daji a 1938, inda aka horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka. Yau hukumar kula da gandun dazuzzuka ta ƙasa, wato OIPR, wadda aka kafa a 2002, ita ke riƙe da shi.

A ciki akwai wani yanki na kimanin hekta 600 da har yanzu yake kurmi na asali, da lambun itatuwa mai ɗaruruwan iri da aka tattaro daga sassan duniya, da tsohon gidan hutun gwamna Reste na zamanin Turawa, da hanyoyin ƙafa da na keke. Akwai birai da tsuntsaye iri-iri. Rafin Banco ya ratsa ta tsakiya har ya faɗa tafkin Ébrié. Hukumomin gandun na cewa kusan kashi 40 cikin 100 na ruwan shan Abijan yana fitowa ne daga ruwan ƙarƙashin ƙasa da dajin ke taimakawa wajen tarawa, domin ganyaye da saiwoyi suna tare ruwan sama ya nutse a hankali, maimakon ya kwarare zuwa tafki.

Darajarsa tana ƙara fitowa idan aka duba abin da ya faru da sauran dazuzzukan ƙasar. An ƙiyasta cewa a farkon ƙarni na 20 Kodebuwa na da kurmi mai faɗin hekta miliyan 16. Ƙidayar da aka fitar a 2021 ta nuna abin da ya rage bai kai hekta miliyan 3 ba. Noman koko da kofi da sarar katako sun cinye sauran. Banco na daga cikin 'yan gutsattsarin da suka tsira, kuma ya tsira ne a cikin birni mai mutane sama da miliyan 5.

Abin da masana suka gano

Hausa na da kalmomi biyu da suka dace da wannan batu: sabo da shaƙuwa. Sabo yana zuwa ne da yawan gani da yawan zuwa. Shaƙuwa kuwa ita ce lokacin da abin ya shiga zuciya, har rabuwa da shi ta zama ciwo.

Masanin labarin ƙasa Yi-Fu Tuan, ɗan asalin Sin da ya yi koyarwa a Amurka, ya wallafa littafi a 1974 mai suna Topophilia, ma'ana son wuri. Abin da ya jawo hankali a kai shi ne, fili ba ya zama “wuri” a zuciyar mutum sai ya rayu a cikinsa, ya ba shi suna da ma'ana. A 1992 Irwin Altman da Setha Low suka tattara rubuce-rubucen masana da dama a kan shaƙuwa da wuri, kuma tun daga nan fannin ya bunƙasa.

Masu binciken da suka riƙa yi wa maziyartan gandun dazuzzuka tambayoyi, musamman a Amurka, sun raba wannan shaƙuwa gida biyu. Na farko shi ne dogaro da wuri: mutum yana son wurin ne saboda yana biya masa wata buƙata da ba ya samu a wani waje, kamar mai gudu da ke neman inuwa da iska mai tsabta, ko masunci da ya san inda kifi yake. Na biyu shi ne wurin ya zama wani ɓangare na yadda mutum yake kallon kansa, kamar yadda Bakano ke ji game da dutsen Dala ko da ya shekara 20 bai hau shi ba. Sau da yawa na farko ne ke haifar da na biyu. Mutum ya fara zuwa don buƙata, yau da gobe sai ya tarar wurin ya zama nasa.

A 2010 wasu masana biyu a Kanada, Leila Scannell da Robert Gifford, suka ce dole a duba abubuwa uku tare: wane ne mutumin, ko shi kaɗai ko al'ummarsa, wane irin wuri ne, da kuma abin da ke gudana tsakaninsu na tunani da motsin zuciya da aiki. Wannan ya sa kyawun wuri kaɗai ba ya wadatarwa. Abubuwan da bincike ya fi nunawa suna ƙulla mutum da wuri su ne yawan zuwa, da tunanin ƙuruciya, da mutanen da aka je tare da su, da labaran da aka ji game da shi, da kuma jin cewa ana cikin aminci.

Jiki ma yana da nasa rabo. A 1984 Roger Ulrich ya wallafa wani bincike da ya yi suna, inda ya duba marasa lafiyar da aka yi wa tiyata a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun bar asibiti da wuri, sun kuma sha maganin zafi mai ƙarfi ƙasa da waɗanda tagarsu ke kallon bango. A Japan kuwa, tun 1982 hukumar gandun dajin ƙasar ta fara kiran jama'a su riƙa shiga daji don hutawa kawai, abin da suke kira shinrin-yoku, wato wankan daji. Inda jiki ya ji daɗi, ƙafa takan so komawa.

Daji ɗaya, idanu daban-daban

A Banco ana iya ganin duk waɗannan hanyoyi a wuri guda.

Mutanen Ébrié, waɗanda ke kiran kansu Tchaman, su ne 'yan asalin wannan yanki. Ƙauyensu ne ya ba Adjamé sunanta, kuma inda Treichville take a yau ƙauyensu ne na Anoumabo kafin Turawa su canza masa suna a 1934. Sunan Banco kansa daga harshensu ya samo asali, daga kalmar Gbangbo da suke kiran rafin, mai nuni da ruwa mai sanyi. A al'adarsu rafin yana da alfarma, kuma manyan tarwaɗun da ke cikinsa ba a kama su, ba a ci. Maziyarta sukan tsaya su jefa musu burodi suna kallo. Ga Ba'ébrié wannan ba abin kallo ba ne kawai, gadon kakanni ne. Shaƙuwarsu da wurin ta girmi takardar da ta mai da shi gandun daji.

Sai masu wankin da ake kira fanico, kalmar da ta fito daga harshen Jula mai ma'anar wanke tufafi. Shekaru da dama hotonsu na daga cikin abubuwan da aka fi sanin Abijan da su: maza cikin ruwa har gwiwa a inda rafin ya fito daga daji, kowa da dutsensa da tayarsa, suna bugun kaya, sannan su shanya su a kan ciyawa har gangaren ya koma kamar kasuwar atamfa. Akasarinsu baƙi ne daga ƙasashen arewa, irin su Mali da Burkina Faso da Gini da Nijar. Ba yawon buɗe ido ya kai su ba, neman abinci ne. Amma wanda ya shekara 15 yana shiga ruwa guda kowace safiya ya san sanyinsa, ya san lokacin cikarsa da janyewarsa fiye da duk wani mai ziyara. Wannan shi ne dogaro da wuri a zahiri, kuma yana nuna cewa baƙo ma yana iya ƙulla igiya mai ƙarfi da ƙasar da ba tasa ba.

Akwai kuma 'yan birni na yanzu: ma'aikatan ofis da ke zuwa tafiyar ƙafa ran Asabar, ƙungiyoyin masu keke, iyalai da ke shimfiɗa tabarma, ɗaliban da malamansu ke kawowa. Su abin da suke nema shi ne shiru da sanyi, abubuwa biyu da suka yi tsada a Abijan. Wanda ya fito daga cunkoson Forum na Adjamé ya shiga ƙarƙashin waɗannan itatuwa, cikin 'yan mintoci zai ji bambancin a fatarsa da kunnensa.

Akwai dai waɗanda sunan Banco ke tayar wa hankali. Babban gidan yarin Abijan yana jikin dajin ta ɓangaren Yopougon. An daɗe ana yaɗa labaran 'yan fashi da ke ɓuya a ciki, kuma a lokacin rikicin bayan zaɓe na 2010 zuwa 2011 sunansa ya shiga labarai marasa daɗi. Tsoro ma wata alaƙa ce da wuri, kuma yana daɗewa a bakin mutane bayan dalilinsa ya wuce. Iyaye da yawa har yau ba sa son jin ɗansu ya ce za shi Banco.

Bahaushe da daji

To ina Bahaushe ya tsaya a nan? A tunaninmu na gado akwai iyaka tsakanin gari da daji. Gari wurin mutane ne da mutunci da doka. Daji kuwa na mafarauta ne da makiyaya da namun dawa, kuma a tatsuniyoyi da camfe-camfe mazaunin iskoki ne. Mutum yana shiga daji ne da dalili: itace, magani, farauta, kiwo ko tafiya. Shiga daji don hutawa kawai baƙon abu ne a wajen iyayenmu.

Wannan ba ya nufin Bahaushe ba ya shaƙuwa da halittun Allah. Tasa shaƙuwar ta fi karkata ga abu guda da ya sani da suna: itaciya ɗaya, dutse ɗaya, rijiya ɗaya, tafki ɗaya. Sunayen garuruwa da unguwanni sun isa shaida: Rimin Gado, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, Dogon Dutsi. Bazazzagi yana da Kufena, Badauri yana da rijiyar Kusugu, mutumin Maraɗi yana da tafkin Madarumfa. Inuwar ceɗiya ko darbejiya a ƙofar gida ita ce majalisar dattawa, nan ake ɗaurin aure, nan ake zaman makoki, nan almajirai ke karatu. Itaciyar tana shiga rai ne saboda mutanen da suka zauna ƙarƙashinta.

Mutanen Nijar sun san labarin itaciyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada tana zama alama ga ayarin gishiri. Da wata babbar mota ta kayar da ita a 1973, ba a bar ta ta ruɓe a wurin ba. An ɗauko gangar jikinta zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Ba a yi wa abin da ba a ƙauna haka.

Addini ma bai bar wannan fage ba. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana soyayya tsakaninsa da dutsen Uhudu, kuma ya sanar da cewa wanda ya dasa itaciya yana samun ladan sadaka duk lokacin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare ta. Tun farkon Musulunci aka san tsarin hima, wato keɓe wani yanki a hana ɓarna a cikinsa don amfanin jama'a.

Kurmi kuma ba baƙo ba ne gare mu kamar yadda muke zato. Goron da ake rabawa a kowane suna da ɗaurin aure daga Kano zuwa Damagaram ɗan kurmi ne. Fataken Hausawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja saboda shi, kuma garin Anyama da ke arewa da Abobo har gobe cibiyar cinikin goro ce. Mun daɗe muna cin arzikin kurmi, ko da ba mu saba zama a inuwarsa ba.

Abin da ake gani a wasu ƙasashe

Wannan bambancin kallo ba a Abijan kaɗai yake ba. A Holan, Arjen Buijs da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2009 inda suka nuna wa mutane hotunan wurare daban-daban. 'Yan asalin ƙasar sun fi son daji da fadamar da aka bari yadda suke. Baƙi 'yan asalin Turkiyya da Maroko kuwa sun fi son wuraren da hannun mutum ya gyara, masu amfani, inda iyali za su zauna tare. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai gane kansa a ciki: gona da lambu da inuwar hira sun fi masa kurmin da ba a ganin rana.

Tsarin gandun daji na ƙasa kansa daga wata al'ada ya fito. Amurka ce ta fara shi da Yellowstone a 1872, bisa tunanin cewa daji mafi kyau shi ne wanda babu mutum a ciki, kuma an kori 'yan asalin yankin don tabbatar da haka. Turawan mulkin mallaka suka kawo irin wannan tsari Afirka. Gandun W da ke tsakanin Nijar da Benin da Burkina Faso ya samu wannan matsayi a 1954, shekara guda bayan Banco. Sakamakon haka, a wurare da yawa maƙwabtan daji suka ɗauke shi kayan gwamnati ko na Turawa, wurin da ake kama mutum idan ya shiga.

A 'yan shekarun nan an fara gyara wannan kuskure. A Ostareliya an hana hawan dutsen Uluru daga Oktoban 2019, saboda girmama mutanen Anangu da ke ɗaukarsa wuri mai tsarki. A Najeriya, kurmin Osun da ke Osogbo ya tsira a gefen babban gari saboda Yarabawan wurin suna ganin alfarmarsa, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. A yankin Maraɗi da Damagaram kuwa, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa su girma a gonakinsu, har miliyoyin hekta suka farfaɗo. Abin da ya taimaka ƙwarai shi ne lokacin da manomi ya tabbata itaciyar da ya raina tasa ce, ba ta ma'aikacin gandun daji ba.

Katanga da abin da ba za ta iya ba

Banco yana cikin matsi ta kowace kusurwa. Unguwanni sun matso har jikinsa, ana saran itace, ana kafa tarko, ana zubar da shara, kuma ruwan datti daga unguwannin da ke sama da shi, musamman ta wajen Abobo, yana gangarowa da yashi da leda zuwa cikin rafi. Saboda haka hukumomi, da tallafin ƙasar Japan, suka gina katanga mai tsawon kusan kilomita 10 a gefen da ya fi fuskantar barazana, aikin da ya ja hankalin kafofin labarai a 2022.

Katanga tana hana mai gini cin iyaka, tana rage masu zubar da shara. Sai dai ba ta sa mutum ya so abin da ke bayanta. Binciken da aka yi a gandun dazuzzuka da dama ya nuna cewa waɗanda suka shaƙu da wuri sun fi ɗaukar shararsu, sun fi bin doka, sun fi fitowa kare shi idan aka zo ɓata shi. Dajin da maƙwabtansa ba su taɓa shiga ba, ranar da wani mai kuɗi ya zo da takardar fili, babu mai ɗaga murya.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Yaran Hausawa da aka haifa a Adjamé da Treichville da yawansu ba su taɓa ganin Dala ko Madarumfa ba, sai dai a bakin kaka ko a waya. Idan sun girma, tunanin ƙuruciyarsu zai kasance na wuraren da ƙafarsu ta taka a nan. Yaron da bai san komai ba sai kwalta da rumfar kasuwa ya yi asarar wani abu, kuma zai daɗe yana jin kansa baƙo a garin da aka haife shi. Wanda kuwa mahaifinsa ya taɓa riƙe hannunsa ya nuna masa tarwaɗa a rafin Banco, ya gaya masa dalilin da ya sa masu ƙasar ba sa cin ta, ya samu abu biyu: wurin da zai riƙa tunawa, da ladabin zama da mutane.

Ta ina za a fara?

Hanyar ba ta da wuya. Daga Adjamé zuwa ƙofar gandun da ke kan babbar hanyar Arewa tafiya ce ta 'yan mintoci a mota idan babu cunkoso. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ana iya neman ɗan jagora daga ma'aikatan wurin, wanda ya fi dacewa ga mai zuwan farko. Zuwa cikin rukuni ya fi, don kwanciyar hankali da kuma don ya dace da yadda muka saba jin daɗin wuri, wato tare da jama'a. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke taron wata-wata suna iya mai da zama guda a shekara zuwa can, musamman a ranakun bayan Salla. A tafi da tabarma da ruwan sha da abinci, a dawo da ledar da aka je da ita, a bar kifin rafi da itatuwa yadda aka same su.

Zuwa ɗaya ba ya haifar da shaƙuwa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma abin da masana suka gano game da wurare bai wuce haka ba. Wanda ya je sau ɗaya ya ga daji. Wanda ya koma sau biyar zai fara gane wata itaciya, ya san inda inuwa ta fi sanyi, ya lura idan ruwan rafin ya canza launi. Daga nan kuma, duk lokacin da ya buɗe famfo a Adjamé, ya san inda wani kaso na ruwan ya fito.